Hanyar da Mode Ya Ce Don Albasa Ya Yi

Mode mai jakai mutumin Tungar Bawa ne, wani ƙaramin ƙauye can kudancin Bodinga, inda gonakinsu suke gogar na mutanen ƙasar Shagari. Jakai ya gada wurin ubansa, da su ya ci abinci har furfura ta cika masa gemu. Da rani ya kai wa mutane taki gona, ya ɗebo musu yashi da ƙasar gini. Idan albasa ta nuna kuma ya yi ta jigilar buhuna zuwa bakin kwalta, inda dillalai suke jira da motoci. Kada ka ce shiru-shiru ne. Ina! Mode yakan wuni yana yi wa jakansa faɗa kamar masu ji, idan kuwa ya haɗu da taubashinsa a kasuwar Bodinga sai an raba su don tsiya. Mutum ɗaya tak ne a duniyar nan bakinsa yake mutuwa a gabanta, ita ce ɗiyarsa ta fari, Basira.

Al'adar wajen ke nan. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kowa yana yi, amma yawancin mutane idan yaro ya girma sai su sassauta. Mode kam ya riƙe abin da hannu biyu kamar shi kaɗai aka bar wa gadinsa. Da aka yaye Basira aka miƙa ta ga yayarsa Balaraba, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗakin Balaraba kuwa a cikin gidan yake, katanga ɗaya ce tsakaninsa da turakar Mode. Ko tari yarinyar ta yi yana ji, amma ba zai tambaya ba. Sai dai ranar kasuwa ya dawo ya jefa ƙulli a ƙofar ɗakin ya ce, "Yaya, ga wanga, hanya nit tsince shi."

Balaraba ta kwance ta ga takalman roba sababbi fil. Ta ce, "Oho! Kullum kai ka tsintuwa, kuma kullum daidai ƙahwar yarinya. Allah shi ƙara ma sa'a, Mode."

Ko ranar da uwar Basira ta rasu, lokacin yarinyar ta zama budurwa, haka aka yi. Tana tsakar gida tana birgima tana kuka, Mode ya wuce ta ya dawo, ya sake wucewa, zuciyarsa kamar ta tsage. Abin da ya iya kawai shi ne ya tsaya bakin ɗakin yayarsa ya ce, "A ba yarinyar nan haƙuri."

Basira ita ta zaɓi mijinta da kanta, wani tela mai sanyin hali da ake kira Tasi'u, ɗan Dabagin Musa ta wajen Shagari, wanda yake ɗinki a kasuwar Shagari. Tsakanin ƙauyukan biyu babu hanyar mota, babu ta amalanke. Turba ce kawai, siririya, faɗin sawun mutum ɗaya, ta ratsa gonaki da rairayi da wani kwari da ruwa yake ci kowace damina. Idan ta fita daga Tungar Bawa layi ɗaya take tafiya har gindin wani babban gawo. A nan take rabuwa, ta dama ta nufi kwalta, ta hagu ta nufi Dabagin Musa. Basira ta sha bin ta hagun nan da ƙafarta, da ƙwaryar fura a ka, ta zo ta wuni wurin goggonta. Takan durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, ina wuni?" Shi kuma yana kallon kunnen jaki zai ce, "Lahiya." Amma duk ranar da ta zo, ka tabbata Mode ba ya fita aiki. Nan take zai gano mangalar da ta yage ko igiyar da take son gyara, ya zauna bayan rumbu yana ɗinki har la'asar, yana sauraren dariyarta.

Wata damina aka wuni ana ruwa. Basira ta shiga madafa ɗauko itace, katangar da ta sha ruwa ta rufto mata a baya. Maza suka cire ƙyauren ɗaki suka shimfiɗa ta a kai, suka bi turba da ita a kafaɗa har kwalta, aka kai ta asibiti Sakkwato. Rai ya tsira, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake motsi. Da aka sallamo ta haka aka sake ɗauko ta a kan ƙyauren nan, an lulluɓe ta da zane saboda rana. Manoman da suke gefen turba suka ajiye fartanya suna salati, wani har ya ɗaga murya yana tambaya, "Wa yar rasu?" Tana ji da kunnenta. Da aka sauke ta a ɗakinta ta rantse da Allah ba za a sake ɗaukarta kamar gawa ba muddin tana numfashi. Babur kuwa bayanta ba zai iya ba, jaki ma haka.

Mode ya je dubiya. Ya tsaya a zaure ya gaisa da manyan gidan, ya ce, "Ya mai jiki?" Aka ce da sauƙi, aka ce ya shiga mana ya gan ta. Ya ce a'a, ba komai, Allah ya ƙara sauƙi. Ya juyo. Wanda ya gamu da shi a hanya ran nan ya ce tafiya yake yi kamar wanda ya sha duka.

Tasi'u mijin kirki ne. Ya sa wani mai walda a kasuwar Shagari ya haɗa mata keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu, aka ɗauko shi a ka har gida. Basira ta koye shi da sauri, ta riƙa zaga ƙauyen da shi, ta je barka, ta je gaisuwa. Amma da ta kai bakin gari, inda turba ta fara, shi ke nan. Tayoyin baya sun fi turbar faɗi, shingen ƙaya ta ko'ina, tayar gaba kuma ta nutse cikin rairayi. Ita kuwa Balaraba gwiwoyi sun riga sun ƙi, ko rijiya ba ta iya zuwa. Sai waya ta zama ita ce hanyarsu. Balaraba ba ta ji sosai, saboda haka a buɗe take sa muryar, duk tsakar gida ana ji. Mode kuma, ka san hali, da ya ji wayar ta yi ƙara sai igiyarsa ta bukaci gyara.

Ran nan ya ji Basira tana cewa, "Goggo, wallahi tsakar gidanmu nike marmari. Ko sau guda in zo da kaina, in zauna gindin darbejiyar nan, in ji warin jakkan Baba. Ba ni son komi bayan wanga." Ta yi 'yar dariya, sannan ta ce, "A gaishe da shi."

Ranar kasuwar Shagari ta gaba Mode ya je ba tare da kayan sayarwa ba. Ya nemi mai waldar nan, ya yi ta zagaye-zagaye da zance, daga ƙarshe ya tambaye shi faɗin irin keken da yake haɗawa. Mai walda ya nuna masa wani da bai gama ba. Mode ya gwada sandarsa daga taya zuwa taya, ya yi mata tsaga da wuƙa, ya ƙara ɗan taki don kada ƙaya ta kama zane. Da aka gama girbi ya fara bin masu gonakin bakin turba ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon kowa ya bar masa kuyya guda, wato layin shuka ɗaya daga gefen gonarsa.

Duk wanda ya san manomi ya san ba ƙaramin roƙo ba ne wannan. Ai da ma su suka cinye turbar, kowace shekara kowa ya ɗan matso da garmarsa kaɗan. Kowa ya tambaye shi, "Don mi, Mode?"

Ya ce, "Don albasa. Buhu na gogar shinge, jakkai na wahala."

Ka ji fa! Kalma ɗaya ce ta gaskiya, kuma da ya faɗe ta babu wanda zai hana shi, don duk garin ana son Basira. Amma yaya za a yi Mode ya tsaya gaban ƙato ɗan'uwansa ya ce don ɗiyata ta fari nake yi? Gara ƙasa ta tsage ya shige. Albasa kuwa dalili ne da kowa ya gane, tun da rabin garin da ita suke rufa wa kansu asiri. Wasu suka bayar nan take, wasu sai da ya kai musu taki kyauta.

Ƙaryar ba ta daɗe ba ta fara cin sa. Yana cikin aiki wani ya tsaya ya dubi faɗin da yake aunawa da sandarsa ya ce, "Haba Mode, in don albasa na, wanga hwaɗin ai ko amalanke ba ta wucewa. Mi ad amfaninai?" Gaskiya ce. Dole ya koma wurin masu gonaki ya roƙi ƙari, ya faɗaɗa abin da ya riga ya gama. Aikin da zai ci rani ɗaya ya ninka.

Aiki ne na kashe jiki. Akwai wani tudu bayan gari mai jar marmara. Can yake zuwa da diga ya fasa, ya cika mangaloli, ya koro jakai, ya zube a kan rairayi, ya baje, ya yayyafa ruwa, ya bi da guntun icce yana dakawa har ta kwanta. A kwarin nan ya jera duwatsu da buhunan yashi. Ruwan farko ya zo ya kwashe su tas, kamar ba a taɓa sa komai ba. Ya sake, a wannan karon ya dasa ciyawar jema a gefe biyu don saiwarta ta riƙe ƙasa. Samari suka sa masa suna injiniyan jakkai, idan sun wuce a kan babur su ɗaga masa hannu suna dariya. Jigilar da yake ci da ita ta ragu, don rabin wuni yana kan turba. Jakinsa mafi ƙarfi ya gurgunce wurin hawan tudun marmara. Shi kansa bayansa ya fara ranƙwafawa, idan ya yi ruku'u da ƙyar yake ɗagowa.

Balaraba ta zuba masa ido har ta gaji. Wata rana da ya dawo jajawur da ƙasa tun daga gira har ƙafa, ta ce, "Kai Mode, zo nan. Ni za ka yi wa wayo? Ni nig goya ka fa. Yaushe kaf fara son albasa haka, kai da ko a miya ba ka son ta?"

Ya ce, "Yaya, mutane na wahala."

"Mutane! To ni zan hwaɗa wa mutanen."

Bai ce ta faɗa ba, bai ce kada ta faɗa ba, ya shige turaka. Kashegari kuwa ta faɗa. Mode yana bayan rumbu ya ji ta tana ce wa Basira a waya, "Ke, hanyag ga da kika jin labari, taki ta. Ubanki don ke shika yi." Sannan Basira ta yi dariya, irin ta wanda yake tsoron ya yarda, ta ce, "Baba? Ni? Haba Goggo." Amma daga ranar duk kiran da za ta yi sai ta tambaya, "Ina anka kai?" Balaraba ta ce an wuce gonar wane, an haye kwari, an kusa gawo. Mode yana ji, kuma a kwanakin nan har waƙa aka ji yana yi wa jakansa.

A rani na biyu amalanken shanu ta fara bin hanyar har kusa da gawo, ɗauke da buhunan da jakai za su wuni suna jigila. Nan fa idon gari ya buɗe. Masu dariya suka yi tsit. Maigari Abu, dattijo mai son a ce an yi abu a zamaninsa, ya tara mutane a ƙofar masallaci ya ce abin kunya ne a bar tsoho ɗaya yana yi wa gari duka aiki. Ya ce a yi gayya. Aka sa rana a ƙarshen bazara, lokacin da 'yan cin rani sun dawo kuma ba a yi shuka ba, don shi ne kaɗai lokacin da za ka sami mazan garin a wuri ɗaya hannunsu ba komai. Da ruwa ya sauka kowa gonarsa zai nufa, sai kuma baɗi.

Ranar gayya garin ya fito kaf. Masu diga, masu shebur, masu amalanke suna jido marmara, mata sun dama fura a manyan robobi, ga makaɗa da gangunan noma suna zuga samari. Abin da Mode yake yi a wata guda suka yi kafin rana ta take. Yana tsakiyarsu, ana kiran sunansa a kiɗa, shi kuwa idonsa yana kan gawo. A ransa yana lissafin cewa da wannan taron, kafin magariba an shiga Dabagin Musa.

Wajen azahar aka iso gindin gawo. Aka tsaya shan fura. Maigari ya miƙe ya dafa kafaɗar Mode a gaban kowa ya ce, "Jama'a, ga mutumin da yat tuna muna da abin da munka manta. Mode, yau in Allah ya so sai mun kai ma hanyag ga har kwalta. Mota ta shigo har bakin rumbu ta ɗauki albasa, jakkanka su huta." Aka yi sowa, makaɗa suka buga. Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Kai am mai aiki. Ko da wata magana?"

Mode ya dubi ta hagu. Ga ta nan siririya, ta shige tsakanin shinge biyu. Ya dubi fuskokin mutane, sa'o'insa da taubasansa da yaran da aka haifa a gabansa, duk sun zuba masa ido suna murmushi. Wallahi da ya ce, ranka shi daɗe, yarinyar nan, ko bai ƙarasa ba za su gane, kuma da gudu za su juya hagu, kwalta ta jira baɗi. Ba mugaye ba ne, abin da ya faɗa musu suka ɗauka. Shekara biyu yana ce musu albasa, su kuma suka zo su taya shi albasa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, ranka shi daɗe. Allah shi saka da alheri."

Aka juya dama. Mode ya ɗauki digarsa ya bi su, ya yi aiki har yamma tare da kowa, yana jin gangunan suna nisantar da shi daga inda yake son zuwa. Kafin magariba aka ga kwalta. Samari suka ɗaga shi sama suna ihu.

Da ya shiga gida Balaraba tana zaune a ƙofar ɗakinta, labari ya riga shi isowa. Ba ta taɓa yi masa irin faɗan ran nan ba. "Na hwaɗa mata! Da bakina nih hwaɗa mata! Kai wane irin mutum na? An tambaye ka, Mode, an tambaye ka gaban jama'a! Nauyin wa kaka ji? Wa za shi kama ka don ka so ɗiyarka?" Tana faɗa tana kuka. Shi dai yana tsaye da diga a hannu.

Basira ba ta sake tambayar ina aka kai ba. Idan Balaraba ta ɗauko zancen don ta yi mata bayani, sai ta ce, "Goggo, ya gwiwar taki?" Ran nan Balaraba ta fusata, ta rarrafa har bayan rumbu ta cusa wa Mode wayar a hannu ta ce, "Ungo. Hwaɗa mata da bakinka." Ya riƙe wayar kamar garwashi. Ya ji muryarta, "Baba? Baba, ina wuni?"

"Lahiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Ta tsaya tana jira. Yana jin numfashinta. Kai, Mode! Babu maigari a nan, babu taro, daga shi sai yayarsa sai jakai. Amma harshen da ya yi shekara talatin bai saba ba, ba rana ɗaya zai saba ba. Ya ce, "To, madalla. Allah shi ƙara sauƙi." Ya miƙa wa Balaraba wayar. A ransa ya ce ba komai, idan hanyar ta isa ƙofar gidanta ita za ta yi magana.

Ya koma gindin gawo shi kaɗai ya kama ta hagu. Sai dai ruwa ya riga ya sauka, an yi shuka, gero ya tsiro har bakin turba. Shukar da ta tsiro kuwa ba a taɓa ta, ko ta maƙiyinka ce, sai an girbe. Gonakin wajen kuma na mutanen Dabagin Musa ne, wasu ma dangin Tasi'u, surukai ke nan, roƙonsu ya fi na kowa nauyi. Ya yanke shawara da kaka zai cije ya je. Kafin nan ya riƙa jido marmara yana tarawa tsibi-tsibi a duk inda ya sami ɗan fili, yana cike gurbin rairayi iya faɗin da turbar ta ba shi. A ɗaya ɓangaren motocin albasa da na hatsi suna ta shiga Tungar Bawa suna fita, direbobi suna yi masa hon.

Zama wuri ɗaya ya buɗe wa Basira gyambo a baya. Da damina ta yi nisa gyambon ya ruɓa, zazzaɓi ya shiga. Tasi'u ya roƙe ta a kai ta asibiti, ta ce ba a kan ƙyaure ba. Ya kawo mai allura har gida, abin ya lafa, ya sake tashi. Lokacin da ta kai ba ta iya cewa a'a, an riga an makara. Ta rasu da hantsi, gero yana fitar da kai. Mode yana kan turbar aka zo aka faɗa masa. Ya sauke wa jakin mangalarsa tukuna, ya ɗaure shi a gindin sabara, sannan ya bi ɗan aiken.

An yi jana'iza, an zauna makoki a zauren gidan su Tasi'u. Mutane suna zuwa suna yi masa gaisuwa, yana cewa, "Sai haƙuri, lokaci na." Ido a bushe. Har wasu suna yaba masa, suna cewa ka ga mutanen da, ɗiyar fari ce amma ko a fuska. Ranar addu'ar uku da aka watse ya tashi zai koma gida, Tasi'u ya ɗauko masa takalmansa ya ce zai taka masa.

Suka taho har bakin gari. Daidai inda shinge ya matse turba ta fara, Tasi'u ya tsaya. Akwai wani ɗan gurbi a rairayin wurin, inda taya ta sha tsayawa ta juya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Baba, ka gahwarce ni, akwai abin da ban iya riƙewa ni ɗai."

Mode ya ce, "Ina jin ka."

"Ranar gayyarku, tun da sahe tas sa anka yi mata wanka. Tas sa zanenta na sallah, taɗ ɗaura wa Goggo goro a bakin gyale. Tam murzo kekenta har nan da kanta. Iska na kawo muna gangunan, muna ji suna matsowa, suna matsowa. Tana ta dariya, tana ce min, ka ji, Baba na tahe. Na ce ta koma inuwa, tac ce a'a, so take ita za a hwara gani. Da azahar sai kiɗan yat tsaya. Da yad dawo kuma, sai munka ji shina nisa."

Mode bai ɗago ba. Ya ce, "Mi tac ce?"

"Ta yi ta saurare. Har sai da ba mu jin komi sai iska. Sannan tac ce, Goggo ta so ta hwaranta min rai na. Ashe dai don albasa anka yi. Mu koma ciki."

Mode ya buɗe baki, a wannan karon maganar ta fito, da wata irin murya da Tasi'u bai taɓa ji ba. "Ba don albasa niy yi ba. Wallahi ba don albasa niy yi ba. Don ita niy yi. Tun hwarko don ita niy yi."

Tasi'u ya ce, "Na sani, Baba. Mai waldar nan ya ba ni labarin sandarka. Na hwaɗa mata, ba sau guda ba." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Tac ce, in da haka na, da ya hwaɗi."

Mode ya zauna a cikin rairayin nan, a gaban surukinsa, ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Wasu mata suna tahowa daga gona da itace a ka. Tasi'u ya juya masa baya, ya tsaya a bakin turbar ya ware babbar rigarsa don kada su gan shi, ya ce musu su dakata tukuna.